Sikelin Shinkafa da Ya Yi Aiki a Kwamfuta Biyu, Ya Sandare a Biyu: Nazarin Wani Direban Linux a Gombe

Asalin aikin, 2020 zuwa 2022

A bayan garin Gombe akwai wani matsakaicin kamfanin casar shinkafa da ke sayen shanshera daga manoman Dadin Kowa da ƙauyukan bakin kogin Gongola. Kafin 2020 da sikeli mai allura ake awo, akawu ya rubuta a littafi, kuma da wuya kaka ta wuce ba a yi ka-ce-na-ce a kan kilo biyu ko uku ba. Ɗan ƙanin mai kamfanin, wanda ya karanta injiniyan lantarki, shi ya ɗauki nauyin haɗa sikeli mai kwamfuta wanda zai nuna nauyi a allo kowa ya gani, ya kuma buga rasit.

Kayan aikin ba su da yawa. Farantin ƙarfe ne a kan ƙwayoyin jin nauyi guda huɗu, sai ƙaramin allon lantarki da ya haɗa da hannunsa, sai wayar USB zuwa wata kwamfutar tebur ta gwanjo mai furosesa Core i3 zubi na uku. Ya sa mata Ubuntu 20.04, wani nau'in tsarin Linux, mai kanel 5.4. Kanel shi ne zuciyar tsarin, wanda ke riƙe da memori da duk na'urorin da aka jona, sauran manhajoji kuwa sai abin da ya ba su.

Ya rubuta abu biyu. Na farko manhajar da akawu ke gani. Na biyu direban na'ura da ke zaune a cikin kanel yana magana da allon. Duk lokacin da aka kunna manhajar, ko allon ya mutu ya dawo, sai ta aika wa direban teburin daidaita awo, wato jerin lambobin da ke mayar da siginar ƙwayoyin zuwa kilo. Ta hanyar kiran ioctl, wato ƙofar da manhaja ke miƙa wa direba umarni, take aikawa, kuma ba teburin kansa take miƙawa ba. Abu biyu take faɗa: tsawonsa, da adireshin da yake a cikin memorinta. Direban sai ya kama makulli irin na spinlock, mai hana ɓangarori biyu na kanel taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, saboda ɓangaren da ke karɓar karatu daga USB shi ma yana duba teburin, ya kwafe shi daga wannan adireshin da memcpy, aikin kwafar memori na gama-gari, ya saki makullin.

Haka sikelin ya yi kaka biyu ba tare da tangarɗa ba.

Nuwamba 2022: sabuwar kwamfuta

Ana tsakiyar sayen shanshera tsohuwar kwamfutar ta ƙone. Aka sayo laftof mai Core i5 zubi na takwas, aka sa Ubuntu 22.04 mai kanel 5.15, aka sake gina direban. Ya ginu, ya hau, allon sikeli ya bayyana. Ana buɗe manhajar akawu sai komai ya sandare, linzami ma ba ya motsi, sai an danne maɓallin kashewa. Kowane gwaji haka.

Injiniyan ya fara da abin da kowa zai fara zargi. Ya canja wayar USB. Ya gwada kowace kafa a jikin laftof ɗin. Ya bar memtest86+ ya kwana yana duba RAM, bai sami komai ba. Ya cire caja ya gwada da batir kaɗai, don an ce ko wutar injin janareto ce. Ya goge tsarin ya sake sawa. A duk kwanakin nan an koma sikeli mai allura, motoci na layi a bakin ƙofa, kawun nasa kuma kullum da safe tambaya ɗaya ce: “Injiniya, yau za mu samu?”

Abin da ya buɗe hanya shi ne ya bar allon hoto ya koma baƙin allon rubutu da Ctrl da Alt da F3, ya kira manhajar daga can, ya ɗauki hoton abin da ya fito da wayarsa kafin na'urar ta daskare. A cikin layukan akwai “unable to handle page fault”, da “supervisor read access in kernel mode”, da “permissions violation”. Adireshin da aka ambata yana farawa da 00007f, irin na ɓangaren manhajoji, kuma sunan aikin direbansa na cikin jerin da ke ƙasa.

Bincike a intanet ya kai shi ga SMAP. Wata kariya ce da Intel ta sa a furosesoshinta tun daga zubin Broadwell na 2014, Linux kuma ya iya amfani da ita tun kanel 3.7 na ƙarshen 2012. Idan tana kunne, furosesa ba ya barin kanel ya karanta ko ya rubuta shafin memorin manhaja, wato guntun memorin da aka ba ta, sai an buɗe ƙofa da umarnin stac, a rufe da clac. Core i3 zubi na uku yana da yayarta SMEP kaɗai, wadda ke hana kanel gudanar da umarnin da ke ɓangaren manhaja amma ba ta hana karatu. Shawarar da ya fi cin karo da ita kalma ɗaya ce: a ƙara nosmap a layin tayar da kanel a cikin GRUB, manhajar da ke tayar da kwamfuta, don a kashe kariyar. Ya ƙara, sikeli ya tashi, aka ƙarasa kaka.

Fabrairu 2023: kalmar ta daina aiki

Ubuntu 22.04 na kwamfutocin tebur yana sabunta kanel lokaci zuwa lokaci. A Fabrairu 2023 ya koma 5.19. A wannan zubin ne masu kula da Linux suka cire nosmap gaba ɗaya, tare da zaɓin gina kanel na x86 ba tare da SMAP ba. Kalmar tana nan a GRUB, kanel kuma bai san ta ba. Sandarewa ta dawo daidai yadda take.

Na ɗan lokaci ya riƙa zaɓar tsohon kanel daga jerin GRUB da hannu kowace safiya, ya kuma hana laftof ɗin shiga intanet. Ranar da bai zo da wuri ba, akawu ya kunna yadda ya saba, aka rasa awon safe.

Maris 2023 zuwa ƙarshen shekara: Raspberry Pi 4

Dama kamfanin na shirin mayar da ofishin awo kan sola, kuma Raspberry Pi 4, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai furosesa irin na ARM maimakon Intel, ba ya buƙatar fiye da cajar volt 5, amfiya 3. Ya sayo ɗaya, ya sa tsarin Raspberry Pi mai bit 64, ya gina direban ba tare da ya taɓa layi ko ɗaya ba. Ya yi aiki nan take, babu nosmap, babu wata dabara. Abin da ya rubuta a littafin aikinsa a lokacin shi ne matsalar ta Intel ce, ARM ba shi da ita.

Sikelin ya yi sayen shinkafar rani da ta damina a haka.

Farkon 2024: sikeli na biyu

Kamfanin ya buɗe wurin saye na biyu kusa da gonaki don rage wa manoma kuɗin mota. Aka haɗa faranti da allo iri ɗaya. A wannan karon Raspberry Pi 5 aka samo, wanda ya fito a Oktoba 2023. Direba ɗaya, manhaja ɗaya, kamfanin ƙera kwamfuta ɗaya, kuma dukansu ARM. Ana aika teburi ya sandare.

Pi 5 yana da 'yar kafar UART mai ƙusa uku tsakanin kafofin HDMI biyu. Ya jona ta da laftof ya ga saƙon ƙarshe na kanel, wanda ya fi na Intel fitowa fili: “Unable to handle kernel access to user memory outside uaccess routines”. Ma'ana kanel ya taɓa memorin manhaja ba ta hanyoyin da aka tanada ba.

Bambancin kwamfutocin biyu yana cikin furosesa. Pi 4 yana ɗauke da Cortex-A72, mai tsarin ARMv8.0. Pi 5 yana ɗauke da Cortex-A76, mai ARMv8.2. Tun daga ARMv8.1 aka shigo da PAN, takwarar SMAP a ARM, kuma Linux yana kunna ta da kansa idan ya same ta. Ga furosesoshin da ba su da ita akwai kwaikwayonta ta manhaja tun kanel 4.10, wanda ke cire teburin shafukan manhaja daga rajistar TTBR0 muddin ana cikin kanel, amma sai wanda ya gina kanel ɗin ya zaɓe shi, kuma a Pi 4 ɗinsu ba ya aiki.

Gyaran farko

Yanzu ya gane inda aka dosa. Ya cire memcpy ya sa copy_from_user, aikin da kanel ya tanada don kwafo bayanai daga memorin manhaja, a gurbinsa, a layi ɗaya, a cikin makullin nan. Wajen gini gcc, manhajar da ke gina direban, ya yi gargaɗi cewa an yi watsi da amsar da aikin ke dawowa da ita. Direban dai ya ginu, sandarewa ta tafi a Pi 5, ta tafi a laftof ma da sabon kanel.

Bayan 'yan makonni sai wata sabuwa ta ɓullo a sikeli na biyu. Wani lokaci da yamma, 'yan dako su ɗora buhu mai kilo 100, allo ya nuna 0.0. A sauke, a sake ɗorawa, 0.0. Sai an rufe manhajar an buɗe. Babu komai a dmesg, wato jerin saƙonnin kanel. Akawun wurin ne ya lura da abin da ke tafe da ita: ba ta faruwa sai bayan an sauya wuta daga sola zuwa janareto, kuma sai a ranar da ya daɗe da burauza a buɗe yana cike takardun kamfani. Injiniyan ya canja kebul ɗin ƙwayoyin nauyi, ya sa wa allon kafasito babba, ya sake awon gwaji da duwatsun kilo 20. Ba abin da ya sauya.

Afrilu 2024: tafiya Bauchi

Ya ɗauki Pi 5 da allon ya tafi Bauchi wajen wata malama da ta koyar da shi a jami'a, wadda ta taɓa aikin direbobin Linux. Ta karanta aikin ioctl ɗin, layi bai kai hamsin ba, ta ce masa: “Kafin mu taɓa komai, kawo tsohon direban, mai memcpy, mu sa a Pi 4 ɗin ɗakin gwaji.”

Ta rubuta 'yar manhaja da ke kiran ioctl ɗin da adireshin banza, wanda babu shafi a bayansa. Pi 4 ɗin ya sandare. Manhaja ce ta mai amfani na gama-gari, ba ta da ikon root, wato cikakken iko a kan tsarin, izinin buɗe fayil ɗin na'urar kawai take da shi. Sai ta sake tayarwa, ta ba shi adireshin da ke cikin ɓangaren kanel kansa, ta kuma kira ioctl na biyu da ke karanto teburin. Abin da ke cikin memorin kanel ya fito a allo. Ta ce: “Ka gani, ɗana? Inda kake cewa yana aiki, nan ne ya fi haɗari.”

Bayaninta shi ne adireshin da manhaja ta miƙo lamba ce kawai. Kamar mai gadin sito ne aka ba takarda an rubuta lambar ɗaki a ce ya ɗebo abin da ke ciki: in bai duba ko ɗakin na mai takardar ne ba, da makullansa za a yi sata. Aikin copy_from_user da 'yan uwansa copy_to_user, get_user da put_user kashi uku ne. Suna duba da access_ok cewa adireshin da tsawonsa duka suna ɓangaren manhaja. Suna bi ta hanyar da furosesan ya yarda da ita. Sannan kowane umarnin da ke taɓa memorin an yi masa rajista a teburin kuskure na kanel, ta yadda in shafin babu shi ba za a faɗi ba, za a tsallaka zuwa wurin gyara a dawo da adadin bayit ɗin da ba a kwafa ba ko lambar kuskure, direba kuma ya mayar wa manhaja EFAULT, kuskure mai lamba 14.

Kashi na biyun ne ya bambanta daga furosesa zuwa furosesa, kuma a nan ta daɗe. A x86 stac da clac ne ke ɗaga tutar AC su sauke ta. A ARM mai bit 64 akwai umarnin ldtr da sttr, masu karatu da rubutu da izinin manhaja ko da kanel ne ya gudanar da su, don haka PAN ba ta tare su, kuma ba za su iya taɓa shafin kanel ba. A ARM mai bit 32 Linux yana kwaikwayon kariyar da tsarin yankunan memori na furosesan. A RISC-V, wani tsarin furosesa dabam, akwai bit ɗin SUM a rajistar sstatus, wanda in ba a ɗaga shi ba kanel ba ya taɓa shafin manhaja. A manyan kwamfutocin IBM na s390 kuwa kanel da manhaja ba su ma tarayya a fagen adireshi, lamba ɗaya wuri biyu take nufi, don haka memcpy irin nasa ba zai taɓa kawo teburin ba ko sau ɗaya. Mai rubuta direba ba ya buƙatar haddace waɗannan. Sunan aikin ɗaya ne a ko'ina, kowane furosesa da abin da ke ƙarƙashi.

Batun 0.0 kuma ya fito daga haɗuwar abu uku. Burauza ya cinye RAM, kanel ya kwashe shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba ya kai su ma'ajiyar wucin gadi a katin SD, har da shafin da teburin yake. Sauya wuta ya sa allon ya mutu ya dawo, manhaja ta sake aika teburi. A yanayi na yau da kullum copy_from_user zai jira a ɗauko shafin daga katin. Amma wanda ke riƙe da spinlock ba shi da damar jira, don haka kanel ya ƙi ɗauko shafin, kwafin ya gaza, aikin ya cike gurbin da sifili kamar yadda aka tsara shi, ya dawo da adadin da bai kwafa ba. Wannan amsar ce direban ya yi watsi da ita. Teburi mai sifili zalla kowane nauyi sifili yake bayarwa.

Gyaran da ya tsaya

Sun sake rubuta aikin a wuni biyu. Direban yana kwafo kan saƙon sau ɗaya zuwa memorin kanel, kuma daga wannan kwafin yake duba tsawo ya yi aiki da shi. A tsohon rubutun sau biyu ake karanta tsawon daga memorin manhaja, ɗaya wajen dubawa ɗaya wajen kwafa, kuma tsakanin biyun wani zaren manhajar na iya canja lambar. Bayan an tabbatar tsawon bai wuce iyaka ba, memdup_user ke kwafo teburin zuwa sabon wuri, babu makulli a hannu. In ya gaza, a mayar da kuskure, tsohon teburi na nan yadda yake. In ya yi nasara, a duba lambobin ko suna da ma'ana, sannan a kama spinlock don musanya manuni, wato adireshin da ke nuna inda teburin yake, kawai, a saki, a 'yantar da tsohon.

Ta sa shi wasu gyare-gyare uku ƙanana. Duk abin da za a mayar wa manhaja a share shi da sifili kafin a cike, saboda gibin da gcc ke bari tsakanin filaye kan fita da ragowar bayanan kanel. Filin adireshi ya koma lamba mai bit 64 tsayayya da ake juyawa da u64_to_user_ptr, aka kuma cike compat_ioctl, domin manhaja mai bit 32 a kan kanel mai bit 64 manuninta bayit 4 ne ba 8 ba. Kowane manunin manhaja kuma aka yi masa alamar __user, aka gina da make C=1 don sparse, manhajar da ke tace rubutun kanel, ya duba. Da suka sa alamar a tsohon rubutun don gwaji, layin memcpy ɗin ne sparse ya nuna.

Gwajin da suka tanada yana kiran ioctl da adireshin sifili, da wanda babu shafi, da na kanel, da teburin da rabinsa ya faɗa shafin da aka cire, da tsawon da ya wuce iyaka. An gudanar da shi a Pi 4, Pi 5 da laftof, sannan a QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta, da furosesan RISC-V na kwaikwayo, da kanel ɗin da aka kunna wa CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, wanda da a ce yana kunne tun farko da ya yi ƙorafi ranar da aka sa copy_from_user cikin makulli. Ko'ina kuskure mai tsabta ya dawo, babu sandarewa.

Sakamako

Daga Mayu 2024 sikelin biyu suna aiki da direba ɗaya. An cire nosmap daga laftof ɗin, an bar shi yana sabunta kanel. Manhajar akawu yanzu tana nuna jan rubutu ta ƙi buga rasit idan direba ya ƙi karɓar teburi. Matsalar 0.0 ba ta sake fitowa ba har ƙarshen sayen shinkafar daminar 2024.

Yadda nake kallon lamarin

Kuskuren yana cikin direban tun 2020. Core i3 da Pi 4 ba su da hanyar kama shi ne kawai, kuma shirun nasu ya yi ɓarna fiye da sandarewar sauran biyun, domin shi ya sa aka ɗora laifi a kan Intel aka yi kusan shekara ɗaya da rabi ana gudun kariya maimakon bin abin da take nunawa. Ban ga laifin wanda ya sa nosmap ana tsakiyar kaka motoci na jira ba. Inda aka yi sake shi ne bayan kaka, lokacin da babu matsi, ba a koma an tambayi me kalmar ta kashe ba.

Gyaran farko ne ya fi tayar mini da hankali. Sandarewa kowa na ganinta. Teburi mai sifili ma an yi sa'a ya ba da 0.0, abin da ba wanda zai yarda da shi. Da a ce teburin ya ratsa shafi biyu, ɗaya na RAM ɗaya na kati, da rabinsa ya shigo daidai rabi sifili, sikeli ya ba da lambar da ta yi kama da gaskiya, a buga rasit, manomi ya karɓi kuɗin da bai kai haƙƙinsa ba. An yi sikelin ne don a kawar da wannan zargin, kuma gargaɗin gcc guda ɗaya da aka tsallake ya kusa dawo da shi.

Ba na ɗaukar wannan a matsayin gazawar injiniya ɗaya. A 2017 kanel 4.13 ya fita da kiran waitid da aka manta da access_ok a cikinsa, abin da ya ba manhaja damar rubutu a memorin kanel, aka yi masa rajista da lamba CVE-2017-5123. Waɗanda suka rubuta shi sun fi kowa sanin ƙa'idar. Abin da ɗalibanmu suka rasa shi ne na'urorin gwaji iri-iri, kuma QEMU da sparse kyauta ne, suna gudana a laftof ɗin gwanjo. Ya kamata duk kwas ɗin da ke koyar da rubuta direba a Bauchi ko Gombe ya wajabta su.

Akwai kuma tambayar da malamar ta yi masa wadda nake ganin ita ce daidai: me ya kai wannan aikin cikin kanel? Allon da ke aiko da karatun nauyi ta USB ana iya magana da shi daga manhaja da libusb, kayan aikin magana da na'urorin USB ba tare da shiga kanel ba, inda adireshi mara kyau manhajar kaɗai zai kashe. Ya fara wannan rubutun, ya gwada shi a sikeli na biyu, amma bai sauya na babban kamfani ba tukuna. Shawarata ya sauya shi kafin a fara sayen shanshera na gaba, ya ajiye direban kanel ɗin don koyar da masu zuwa sanin makamar aiki a wurinsa.